Ƙarfe Ya Manta da Zarra, Tsaga Ba Ta Manta Ba



A ɗauki rodin gini mai kaurin milimita 12, a yanko mita guda, a rataya masa nauyin tan 2 da 'yan kai. Zai miƙe da milimita 1. A sauke nauyin, ya koma yadda yake. Injiniyan da ya gama makaranta bara ya san haka tun kafin ya gwada, kuma babu ruwansa da ko a Jamus aka narka rodin ko a ƙasar Sin. Lamba ɗaya ce a kansa, lambar Young, wadda ga ƙarfe take wajen gigafaskal 200. Idan yana son sanin yadda rodin zai ɗan rame yayin da yake miƙewa, sai ya ƙara ta biyu, lambar Poisson, kusan 0.3 ke nan. Da waɗannan biyun ake lissafa lanƙwasar gada da ta bene da ta hasumiyar waya.

To amma giram 56 na baƙin ƙarfe yana ɗauke da ƙwayoyin zarra da adadinsu ya kai 6 da sifili 23 a bayanta. Kowace ƙwaya tana da ilektiron 26, da cibiya mai cike da firoton da niyutiron, su kuma a cikinsu akwai wasu ƙananan da ake kira kwak. Duk wannan rundunar ba ta cikin littafin injiniya, kuma gadarsa ba ta faɗi ba. Ina suka shige?

Masana fiziks suna amsa wannan da abin da suke kira iyakar ƙaramin kuzari. Tushen maganar shi ne, ganin ƙaramin abu tsada gare shi, kuma da kuzari ake biya. Hasken da ido ke gani, tsawon igiyarsa ya ninka tazarar da ke tsakanin zarra da zarra a jikin ƙarfe wajen sau dubu 2, don haka ba ya iya bambance su. Sai an kawo hasken ɗaukar hoton ƙashi, mai gajeriyar igiya da babban kuzari. Leƙa cikin cibiyar zarra kuwa sai na'urori masu girman unguwa. Ita kuwa tirela da ta hau gada a hankali take taɓa ƙarfe, kuma lanƙwasar da take jawowa ta bazu a kan mitoci, ga shi kowace mita jerin zarra biliyan 4 ce. Taɓawa irin wannan ba ta isa ta tada abin da ke ƙasa ba. Ƙananan abubuwan suna nan, amma duk tasirinsu ya dunƙule ya zama 'yan lambobi da ake aunawa a ɗakin gwaji.

Misalin da kowa ya fi sani shi ne na Newton da Einstein. Gyaran da Einstein ya yi wa dokokin motsi yana tafiya ne da gudun abu a kan gudun haske, a ninka wannan da kansa. Haske yana cin kusan kilomita dubu 300 a daƙiƙa. Ga jirgin sama na fasinja, gyaran bai kai kashi 1 cikin tiriliyan ba, shi ya sa matuƙi bai taɓa buƙatarsa ba. Sai a wurare ƙalilan yake leƙowa: kewayen duniyar Makyuri, inda Le Verrier ya gano wata 'yar gociya a 1859, Einstein ya warware ta a Nuwamban 1915, da kuma agogon taurarin GPS, waɗanda suke wuce agogon ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana. A ɗan wannan lokacin haske ya yi tafiyar kilomita 11, don haka dole ake gyarawa.

Wanda ya fi ba da haske shi ne na Enrico Fermi. A ƙarshen 1933, a birnin Roma, ya rubuta ƙa'idar yadda niyutiron ke rikiɗa ya zama firoton, ya fitar da ilektiron da wata ƙwaya mai wuyar kamu, niyutirino, wadda Pauli ya yi hasashenta a 1930. Fermi ya ɗauka cewa huɗun suna haɗuwa ne a ɗigo guda, kuma ya auna ƙarfin haɗuwar da lamba ɗaya tak. Lissafin ya yi aiki shekara da shekaru. Sai a 1983, a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba, aka ga ainihin ɗan aiken da ke tsakaninsu, ƙwayar W, wadda nauyinta ya ninka na firoton fiye da sau 80. Carlo Rubbia da Simon van der Meer suka karɓi kyautar Nobel a shekarar da ta biyo, bayan Glashow da Weinberg da Abdus Salam na Pakistan sun riga sun karɓi tasu a 1979 kan ƙa'idar da ta yi hasashen ƙwayar. Me ya hana Fermi ganinta? Kuzarin da niyutiron ke fitarwa in ya rikiɗa bai kai kashi 1 cikin dubu 100 na nauyin W ba. A wannan matakin ɗan aiken ba ya iya yin nisa, tafiyarsa ba ta ko kai faɗin firoton ba, don haka ɗigon Fermi ya wadatar. Nauyin W da ƙarfinta duk suna ɓoye a cikin lambar nan ɗaya.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, masu nazarin lanƙwasar kaya sun riga masu nazarin ƙwayoyi shiga wannan hanya da shekara ɗari, kuma sai da aka yi ja-in-ja kafin a gane ta.

Robert Hooke ne ya fara, a Landan. A 1676 ya ɓoye bincikensa cikin haruffa da ya yamutsa da gangan don kada a riga shi, a 1678 ya fasa ƙwan: miƙewar sifirin daidai take da nauyin da aka ɗora masa. Thomas Young ya zo da lambarsa a 1807. Daga nan manyan masu lissafin Faransa suka karɓi aikin. Navier a 1821, sai Cauchy da Poisson, suka ce bari a faro daga tushe: a ɗauka cewa jiki taron ƙananan ƙwayoyi ne, kowace tana jan 'yar'uwarta a kan miƙaƙƙen layin da ya haɗa su. Lissafi mai kyau ƙwarai, kuma ya fitar da sakamako mai tsauri. Ya ce jikin da halinsa ɗaya ne ta kowace fuska lamba ɗaya kawai yake da ita, domin lambar Poisson dole ta zama rubu'i, wato 0.25, ko gilashi ne ko tagulla ko dalma.

Wanda ya saɓa musu ɗan mai injin niƙa ne daga garin Nottingham, George Green. Zamansa a makaranta yana yaro bai wuce shekara guda ba, a wajen niƙan mahaifinsa ya koya wa kansa lissafi, kuma sai da ya kai shekara 40 ya shiga jami'ar Kambirij. A wata takarda da ya gabatar a 1837, Green ya ƙi yin ko da zato guda game da ƙwayoyi. Cewa ya yi, ko mene ne a ciki, matse jiki yana tara kuzari, kuma idan matsewar ƙarama ce, sashe mafi sauƙi na lissafin ne kaɗai zai yi tasiri. Sai ya ƙirga hanyoyin da za a iya rubuta wannan sashen. Ya samu 21 ga jiki mafi rikitarwa, suka ragu zuwa 2 ga jikin da fuskokinsa duka ɗaya ne. Wani abin dariya, ba ƙarfe ne a gabansa ba. Yana ƙoƙarin bayyana wani siririn abu ne da mutanen zamaninsa suka yi imani ya cika sararin samaniya yana ɗaukar haske, abin da daga baya aka tabbatar babu shi. Lissafin dai ya rayu, tun da bai jingina da komai ba sai ƙirga da daidaiton fuskoki.

Gardamar ɗaya ce ko biyu ta ci kusan shekara 50. A 1848 Wertheim ya auna tagulla da gilashi a Faris, ya samu abin da ya fi kusa da sulusi. Saint-Venant, babban malamin fannin a Faransa, ya tsaya kai da fata a ɓangaren lamba ɗaya har rasuwarsa a 1886, yana cewa laifin kayan gwajin ne, ba su da hali ɗaya ta kowace fuska. Awon da Woldemar Voigt ya yi wa duwatsun kiristal a Jamus a shekarun 1880 shi ya rufe maganar. Yau an san ƙarfe yana wajen 0.3, zinariya ta haura 0.4, roba tana dab da 0.5, ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi kuwa kusan sifili, shi ya sa ake tura shi cikin bakin kwalba ba ya kumbura ta gefe. Kuskuren Faransawan ya fito fili bayan an fahimci zarra: a jikin ƙarfe, wasu ilektiron ba su da zarra tasu, yawo suke yi cikin jikin baki ɗaya, don haka jan ba na biyu-biyu ba ne. A gishirin dutse kuwa, inda zaton nasu ya kusa zama gaskiya, hasashensu ma ya kusa dacewa.

Wato wanda ya yi shiru game da abin da bai sani ba shi ya yi nasara, masu zurfin zato suka sha ƙasa. A ganinmu, Green ya cancanci a riƙa ambatonsa duk lokacin da aka ambaci Fermi.

A 1912 Peter Debye, ɗan ƙasar Holan da ke koyarwa a Zurik, ya haɗa fannonin biyu a lissafi guda. An daɗe da sanin cewa idan aka sanyaya abu ƙwarai, zafin da yake buƙata don ya ƙara ɗumi yana raguwa. Einstein ya yi bayani a 1907 da zaton cewa kowace zarra tana rawa ita kaɗai, amma awon da Nernst ya yi a Balin ya nuna lissafin yana kuskure a tsananin sanyi. Debye ya ce a irin wannan sanyi kuzarin da ya rage bai isa ya girgiza zarra ɗaya ita kaɗai ba; abin da ya isa ya tayar shi ne dogayen igiyoyi da dubban zarra ke tafiya tare a cikinsu, kuma waɗannan ba komai ba ne illa sauti. Gudun sauti a sandar ƙarfe wajen mita dubu 5 ne a daƙiƙa, ninki 15 na gudunsa a iska, kuma ana samo shi ne daga lambar Young da nauyin ƙarfen. Da lambobin injiniya Debye ya fitar da doka: a raba ma'aunin zafi biyu, buƙatar zafin ta ragu sau 8. Awo ya gaskata shi.

Akwai dalilin da ya sa dole haka ta kasance. A matsar da dutse ɗungurum daga nan zuwa can, babu abin da ya canja a cikinsa, babu kuzarin da ya taru. Igiya mai tsawon gaske kuwa kusan matsarwa ce ta bai ɗaya, don haka kuɗinta kusan sifili ne. Ko wane irin zarra ne, ko yaya suke riƙe da juna, kowane daskararren jiki dole ya sami sauti. Yoichiro Nambu a 1960 da Jeffrey Goldstone a 1961 suka nuna cewa wannan hujja tana aiki har a cikin cibiyar zarra, inda take bayyana dalilin da ya sa ƙwayar fayon ta fi sauran danginta rashin nauyi. Kenneth Wilson, tun daga 1971, ya mayar da abin hanya mai tsari: a share ƙananan bayanai mataki-mataki, a ga waɗanne lambobi ne suka tsira. Steven Weinberg ya shimfiɗa girkin a 1979, kuma duk wanda ya san aikin Green zai gane shi: a rubuta duk abin da daidaito ya halatta, a jera daga mafi tasiri zuwa mafi ƙanƙanta, a auna lambobin.

Har nan labarin daɗi ne, kuma a nan littattafan fiziks da yawa suke rufewa. Injiniya kuwa a nan ciwon kansa yake farawa.

Gilashin taga da alminiyam lambar Young ɗinsu kusan ɗaya ce, wajen gigafaskal 70. Nauyinsu ma ya yi kusa, haka gudun sauti a jikinsu. Ga lissafin Green tagwaye ne. A saki kofin kowanne a kan siminti, ɗaya ya loɓa, ɗaya ya tarwatse. Haka abin yake a cikin dangin ƙarfe: mai laushi yana fara lanƙwasa ta dindindin a megafaskal 250, wayar fiyano tana jure fiye da 2,000, alhali lambar Young ɗinsu ba ta bambanta da abin a zo a gani ba. Yadda abu ke miƙewa kaɗan ya manta da abin da ke ƙasa. Inda zai karye bai manta ba.

A 1926 Yakov Frenkel ya lissafa ƙarfin da ake buƙata don shimfiɗar zarra guda ta zame a kan ta ƙasanta gaba ɗaya. Amsar da ya samu ta ninka abin da ake aunawa a tsantsar ƙarfe sau dubu, wani lokaci ma fiye. Ba a warware wannan ba sai 1934, lokacin da mutum uku, Taylor a Ingila da Orowan da Polanyi 'yan asalin Hangare, kowa a nasa ɓangaren, suka faɗo kan amsa ɗaya. Shimfiɗar ba ta zamewa a lokaci guda. Akwai wani layi inda jerin zarra ya goce, wani irin targaɗe a jikin ginin, kuma layin nan ne yake tafiya. Duk wanda ya taɓa son matsar da babbar darduma da aka shimfiɗa a zaure ya san dabarar: jan ta ɗungurum sai ƙarti, amma a tada ɗan tudu a gefe guda a riƙa tura shi da ƙafa, yaro ma ya kai ta inda ake so. Sai a 1956 Hirsch da abokan aikinsa a Kambirij suka ga targaɗen yana motsi a jikin alminiyam ta madubin ilektiron.

Maƙera sun shekara dubbai suna sarrafa wannan layi ba tare da sun gan shi ba. Dukan ƙarfe da sanyinsa yana haifar da targaɗe masu yawa, su sarƙe, su tare wa juna hanya, ƙarfen ya ƙi lanƙwasa. A mayar da shi wuta ya yi ja a bar shi ya huce a hankali, sarƙewar ta warware, ya yi laushi. A tsoma shi ruwa da zafinsa, gawayin da ke jikinsa ya maƙale a inda bai shirya zama ba, ya datse hanyar targaɗen, bakin wuƙa ya yi ƙarfi amma ya zama mai saurin karyewa. A duk wannan juyi lambar Young ba ta gusa ba.

Gilashi nasa ciwon daban ne. A. A. Griffith, ma'aikaci a cibiyar binciken jiragen sama ta Farnborough, ya ja zaren gilashi iri-iri, ya ga iya sirantar zare iya ƙarfinsa, har mafi siranta ya ninka gilashin yau da kullum fiye da sau 10. Takardarsa ta 1921 ta ɗora laifin a kan ƙananan tsagogi da ido ba ya gani. Bakin tsaga yana tattara nauyin da ya bazu a faɗin jiki ya zuba shi a kan 'yan zarra ƙalilan. Mai yankan gilashi da wannan yake cin abinci: ya ja siririn layi da bakin daimon, ya ɗan danna, gilashin ya rabu a kan layin.

A nan sharaɗin ƙaramin kuzari yake rushewa, domin tsaga mazurari ce da ke haɗa mitoci da zarra kai tsaye. Ƙa'idar Green ma da bakinta take faɗin haka. Ta ce a matso kusa da bakin tsaga sau 4, matsin ya ninka biyu. A matso sau 100, ya ninka 10. A kan bakin kansa, matsin ba shi da iyaka. Babu abin da ba shi da iyaka a jikin ƙarfe. Lissafin ne yake sanar da cewa ya iso bakin gonarsa. Ƙa'idar Fermi ma ta yi irin wannan: idan aka matsa mata zuwa kuzarin da ya ninka nauyin firoton sau ɗaruruwa, sai ta fara ba da yiwuwar da ta wuce ɗari bisa ɗari, kuma masana sun karanta wannan a matsayin alamar cewa akwai wani sabon abu kafin a kai can.

Bambancin shi ne, kuskuren masu ƙwayoyi a takarda yake tsayawa, na injiniya kuwa ba haka ba. Ranar 16 ga Janairun 1943, sabon jirgin dakon mai Schenectady yana ɗaure a tashar Portland ta jihar Oregon, ruwa kwance, dare da sanyi, sai ya tsage gida biyu. Amurka tana cikin gina jiragen dakon kaya na yaƙi da gaggawa a lokacin, irin su samfurin Liberty da aka ƙera 2,710, kuma an bar haɗa faranti da ƙusa an koma walda. Jirage da dama suka tsage a ruwan sanyi na arewacin Atilantika. Aka fara zargin masu walda. Constance Tipper ta jami'ar Kambirij ta nuna cewa ƙarfen kansa ne: akwai ma'aunin sanyi da in an sauka ƙasa da shi, targaɗen da ke bakin tsaga ba sa iya motsi da sauri su dakushe ta, sai ƙarfen ya ɗauki halin gilashi. A jirgin ƙusa tsaga tana tsayawa a ƙarshen faranti. A jirgin walda jiki ɗaya ne, babu mai tare ta. Gyaran da aka yi har da zagaye kusurwoyin ƙofofin kaya, da ɗaura wasu faranti da ƙusa don su datse tsaga.

Shekara 11 bayan haka aka biya da rayuka. Comet, jirgin fasinja na farko mai injin jet, ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Elba ranar 10 ga Janairun 1954 da mutum 35, wani kuma ya bi shi kusa da Nafoli ranar 8 ga Afrilu da mutum 21. Masu bincike a Farnborough suka saka gangar jirgi guda cikin tankin ruwa, suna cika ta da matsi suna saki, kwatankwacin tashi da sauka. Da jimillar ta kai wajen dubu 3, gangar ta fashe daga kusurwar wata kafa. Matsin bai taɓa kai wanda zai karya ta a karo ɗaya ba. Tsagar ce take ƙara ɗan taƙi a kowane tashi.

Abin sha'awa, mafitar da aka samu ita ma dabarar Green ce. George Irwin, a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka, ya lura a 1957 cewa muddin yankin da ya rikice a bakin tsaga ƙarami ne, siffar matsin da ke kewaye da shi iri ɗaya ce a kowane jiki, ƙarfinta kawai ke bambanta. Sai ya dunƙule duk rikicin bakin tsagar ya zama lamba ɗaya da ake aunawa. Ta gilashi ba ta kai 1 ba, ta ƙarfen gini mai kyau tana kai 50 zuwa sama da 100. Da ita ake lissafa tsawon tsagar da fiffiken jirgi ko bututun mai zai iya ɗauka, da kuma tazarar da za a bari tsakanin bincike da bincike. Sai dai lamba ce mai sharaɗi, tana sauyawa da sanyi, da kaurin faranti, da tarihin ƙarfen a wuta, saɓanin lambar Young da ake ɗauka daga littafi a kwanta barci.

Akwai kuma gefen da lissafin ke ƙarewa ba tare da tsaga ba, wato ƙanƙanta. A 1956 Sidney Brenner ya ja wasu siraran gashin baƙin ƙarfe da kusan babu targaɗe a jikinsu, mafi ƙarfinsu ya jure gigafaskal 13, ninki 50 na ƙarfe mai laushi, dab da abin da Frenkel ya lissafa. A garin Schenectady na jihar New York ya yi gwajin, garin da jirgin nan ya ci sunansa. A 1994 Fleck da Ashby da Hutchinson da abokin aikinsu suka murɗa wayoyin jan ƙarfe masu kauri daga maikuron 12 zuwa 170, suka ga siraran sun fi ƙin murɗuwa nesa ba kusa ba, abin da tsohon lissafi bai san da shi ba, tun da babu wani tsawo a cikinsa da zai gwada kaurin waya da shi. Maganin da suka kawo shi ne ƙara sashe na gaba a jerin, wanda aka yi watsi da shi don ƙanƙantarsa, kuma sashen ya zo da tsawo nasa na 'yan maikuron. Masu ƙera ƙananan na'urorin da ke cikin wayar hannu a wannan ma'aunin suke aiki.

Masana ƙwayoyi irin wannan sashe na gaba suke farauta yanzu. Mafi yawansu sun yarda cewa babbar ƙa'idarsu, wadda ta cika da gano ƙwayar Higgs a 2012, ita ma iyakar ƙaramin kuzari ce ta wani abu da ba a kai gare shi ba, duk da cewa na'urar CERN mai kewayen kilomita 27 tana karo da firoton da kuzarin da ya ninka nauyinsu sau dubbai. Tun 1979 Weinberg ya duba wane gyara ne zai fara leƙowa, ya ga guda ɗaya ne a sahun farko, kuma aikinsa shi ne bai wa niyutirino ɗan nauyi. A 1998 na'urar Super-Kamiokande, tankin ruwa tan dubu 50 a ƙarƙashin wani dutse a Japan, ta nuna niyutirino yana sauya iri a kan hanya, abin da ba ya yiwuwa sai da nauyi. Takaaki Kajita da Arthur McDonald na Kanada suka karɓi Nobel a 2015 kan wannan. Idan gyaran Weinberg ne ya ba da nauyin, a lissafi mafi sauƙi sabon abin yana zaune ne a kuzarin da ya ninka na CERN wajen sau biliyan 10. Hanyar tantancewa ita ce neman wata rikiɗa mai wuyar aukuwa, inda niyutiron biyu ke juyewa lokaci guda ba tare da niyutirino ya fito ba. Ana dakonta a ɗakunan gwaji na ƙarƙashin ƙasa, ciki har da na dutsen Gran Sasso a Italiya, kuma har yanzu ba a gan ta ba.